Yadda Za Ka Ci Kofin Ƙasa da Ƙungiyar da Kowa Ya Raina a Gem ɗin College Football

Wanda ya taɓa ɗaukar ƙaramar ƙungiya a FIFA ya hau da ita daga rukuni na huɗu na Ingila har Firimiya ya san daɗin da ke cikin wahalar nan. To College Football, gem ɗin kamfanin EA Sports na ƙwallon zari-ruga irin ta jami'o'in Amurka, ya ɗara wancan tsanani. A bugun 25 da 26 ba ka da kuɗin sayen ɗan wasa, sai lallashi. Babu hawa rukuni don ka ci wasanninka. Kuma duk yaron da ka raina, bayan shekara huɗu ko biyar zai kammala karatu ya tafi, in ma bai gudu tun kafin nan ba.

Gem ɗin ya dawo ne a watan Yulin 2024 bayan shekara 11 ba a fitar da shi ba. Tun NCAA Football 14 aka dakata, saboda shari'ar da tsofaffin 'yan wasa irin su Ed O'Bannon suka shigar kan amfani da kamanninsu ba tare da an biya su ba. Yanzu ana biyan yaran, sunayensu na gaskiya ne a ciki. A PlayStation 5 da Xbox Series kawai bugun 25 da 26 suka fito. Bugun 25 yana da ƙungiya 134, na 26 kuma 136 bayan shigowar Delaware da Missouri State. Sashen da za mu yi magana a kansa shi ne Dynasty, inda kake zama koci na tsawon kaka 30 in ka ga dama.

Mataki na farko: zaɓi irin wahalar da kake so

Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ya duba makin ƙungiyoyi, ya ɗauki ta ƙarshe, ya ce ita ce mafi wuya. Maki na kakar farko ne kawai. Abin da ke tare da kai har ƙarshe shi ne inda makarantar take, da rukunin da take bugawa, da sunan da ta gada.

Ɗauki Kennesaw State. Sai a 2015 ta fara buga ƙwallo, a 2024 ta shigo babban matakin ƙwallon jami'o'i, ta ci wasa 2 ta sha kashi 10 a kakar farko. A takarda abin tausayi ce. Amma tana bakin birnin Atlanta, ɗaya daga cikin wuraren da suka fi fitar da yara masu hazaƙa a Amurka. Ragowar da manyan makarantu suka bari a can ya ishe ka gina ƙungiya. Haka FIU da ke Miami. Waɗannan na mai koyo ne.

Wahalar gaske iri uku ce.

Ta farko, talaka a tsakiyar masu hali. Misalinta Kent State da Akron a rukunin MAC, ɗaya daga cikin ƙananan rukunan gasar. Jihar Ohio tana da yara, amma makarantu takwas ne na babban mataki suke wawason su: Ohio State ta kwashi na sama, Cincinnati ta biyo baya, sannan makarantun MAC shida su yi rububin abin da ya saura. Kent State ta buga wasa 12 a 2024 ba ta ci ko ɗaya ba. Tennessee ta lallasa ta 71 da 0, Penn State ta ƙara mata 56 da 0. Sau ɗaya ta taɓa cin kofin MAC, a 1972, lokacin da Nick Saban, wanda daga baya ya zama babban kocin Alabama, yake ɗan wasanta. ULM ta jihar Luwiziyana ma tana wannan sahu: LSU na gefe, jihohin da ke kewaye duk cike da manyan makarantun SEC, ɗaya daga cikin manyan rukunai.

Ta biyu, mazauna nesa da jama'a. Wyoming tana garin Laramie, a jihar da mutanenta ba su kai 600,000 ba. New Mexico State da UTEP suna can kan iyakar Meziko, cikin hamada. Sai uwa uba Hawaii, tsakiyar teku. Yaro yana duba kusanci da gida kafin ya zaɓi makaranta, kuma ga waɗannan kusan kowane yaro na ƙwarai ɗan nesa ne. A bugun 26 abin ya ƙara muni, don awannin da gayyatar yaro ziyara ke ci sun danganta da nisan garinsu.

Ta uku ita ce rago a cikin zakuna: Vanderbilt ko Mississippi State a SEC, Purdue a Big Ten. Wannan ta bambanta da sauran. 'Yan wasanka sun fi na MAC, sunan rukuninka yana jawo yara, amma kowace Asabar sai ka haɗu da wanda ya fi ka. A ganina wannan ta fi zafi a kaka biyun farko, amma ta fi saurin warwarewa. Ko a zahiri, Indiana da ta daɗe cikin waɗanda suka fi shan kashi a tarihin gasar ta ɗauki kofin kakar 2025 ba a doke ta ko sau ɗaya ba.

Akwai wata guda da na ware: UMass a bugun 25. A lokacin ba ta cikin kowane rukuni, don haka ba ta da kofin rukuni da za ta ci ya ba ta tikitin gasar ƙarshe, wato ta neman kofin ƙasa. Ta koma MAC a 2025, amma UConn har a bugun 26 tana zaman kanta. In kana son ka azabtar da kanka, ga wuri nan.

In ka tambaye ni, Kent State ce ta fi kowa wuya, Hawaii ta fi kowa daɗin labari.

Mataki na biyu: ɗaure kanka da doka

Matakan ƙarfin gem ɗin huɗu ne: Freshman, Varsity, All-American da Heisman. In ka ci kofi da Kent State a biyun farko, kada ka gaya wa kowa. Fara daga All-American, ka hau Heisman ranar da ka ga kana cin wasa uku a jere da tazara mai yawa.

Gem ɗin yana ba ka damar sauya rukunin kowace ƙungiya da hannunka. Kada ka ɗauki ƙungiyarka ka jefa ta Big Ten a kakar farko, ka kashe wasan ke nan. Dokar da nake bi: ba na matsawa rukuni na gaba sai na ci kofin wanda nake ciki sau biyu. Kuma in an doke ka an doke ka, ban da kashe na'ura a sake. Ranar da aka ɗauke wuta tsakiyar wasa dai ba laifinka ba ne.

Wajen ƙirƙirar koci, zaɓi mai baiwar ɗaukar yara daga cikin nau'i ukun da ake farawa da su. Mai ƙarfafa gwiwa da mai dabarun fili suna da amfani, amma dabarar fili kai ne za ka yi ta da yatsunka. Za a kuma ce ka zaɓi yankin da kocin yake da hanya a ciki. Kada ka zaɓi inda makarantarka ta riga ta yi ƙarfi. Mai Hawaii ya duba kudancin Kalifoniya, mai Kent State ya duba kudancin Filorida ko Atlanta.

Mataki na uku: ɗaukar yara, inda ake cin kofin tun kafin a shiga fili

A nan zan daɗe, domin kashi mafi girma na aikin a nan yake.

Kowane mako ana ba ka awanni da za ka kashe wajen neman 'yan sakandare. Babbar makaranta tana samun kamar awa 1000, kai kuwa ba za ka kai rabin haka ba. Allonka yana ɗaukar yara 35, gurbin tallafin karatu ma 35 ne a shekara, kuma ƙungiya ba ta wuce mutum 85. Mai awa kaɗan da ya cika allo da yara 35 ya raba musu awa goma-goma, ya yi shuka a idon makwarwa. Ka tsaya kan yara 12 zuwa 15 a lokaci guda. Duk wanda ya amsa, ka kwashe awanninsa ka zuba wa na gaba.

Ga farashin ayyuka a bugun 25: leƙa shafin yaro na sada zumunta awa 5, tura masa saƙo awa 10, zuwa wajen danginsa da abokansa awa 25, tura kowa da kowa gidansu awa 50. Awa 50 ɗin ita ce iyakar abin da za ka kashe kan yaro ɗaya a mako, sai in kocinka ya buɗe baiwar da ke ƙara ta. Yaro yana rage jerin makarantunsa ne daga takwas zuwa biyar zuwa uku. Da zarar ka shiga biyar ɗinsa, sai a buɗe maka tallata makaranta: mai sauƙi awa 20, mai ƙarfi awa 40, da kuma gayyatar ziyara.

Wa za ka nema? Da taurari ake auna hazaƙar yara, biyar ne ƙololuwa. Manta da masu tauraro biyar a shekarun farko, ganin kitse kake wa rogo. Ka fara da tace jerin waɗanda tuni sunan makarantarka yake cikin zaɓinsu. Sannan masu tauraro uku na yankunan da kake da hanya. Sai dabarar da ta fi ciyar da ni gaba: bayan mako uku ko huɗu da fara kaka, koma babban jeri ka nemi yaran da babu makarantar da ta yi musu tayi. Kullum ana samun masu tauraro uku, wani lokaci har huɗu, da manyan suka manta da su. Yaron da ba ka da abokin takara a kansa, awa kaɗan ta ishe shi.

Kada ka yi rowar awannin bincike. Idan ka gama binciken yaro, wani za ka ga koren lu'ulu'u a jikin sunansa, alamar ya fi taurarinsa, wani kuma ja, alamar holoƙo ne. Mai tauraro uku da koren lu'ulu'u ya fi maka mai huɗu da ja. Abin da za ka fi dubawa shi ne gudu. Kama ƙwallo da sanin wasa suna ƙaruwa da horo, amma mai nauyin ƙafa da wuya ya zama barewa. Ƙungiyar MAC da ke da masu gudu biyu a gaba da uku a baya tana iya tsorata kowa.

Sai takardar sakamakon makarantarka. Ana auna ta da abubuwa 14, daga A zuwa D, kuma kowane yaro yana da uku da ya fi damuwa da su. A ƙaramar makaranta mafi yawansu ba su da kyan gani: tarihi, shahara, darajar rukuni, kayan horo, damar zuwa NFL, gasar ƙwararru. Biyu ne kake da iko da su tun ranar farko. Ɗaya damar buga wasa, domin gurabenka babu gwanaye. Ɗaya kusanci da gida. Na uku, salon wasa, yana gyaruwa da abin da kake yi a fili. Saboda haka ka nemi yaran da waɗannan ne damuwarsu. Tallata makaranta mai ƙarfi a kan abin da kake da D a kai ɓarnar awa 40 ce, gara ka ci gaba da tura mutane gidansu. Akwai kuma sharaɗi guda da kowane yaro ba ya sassautawa. In sharaɗinsa shi ne ƙungiya mai neman kofin ƙasa, cire shi daga allo yau, ko da ya yi maka murmushi.

Ziyara tana da tarko. Yara huɗu kawai ake gayyata a wasan gida ɗaya, kuma sakamakon wasan yana shafar zuciyarsu. Kada ka gayyace su ranar da babbar ƙungiya za ta zo ta yi maka cin kaca. Zaɓi wasan da kake da yaƙinin ci. Kuma kada ka haɗa masu jifa biyu, wato jagororin farmaki da ke jefa ƙwallo, rana ɗaya, kishi za su yi. Haɗa mai jifa da mai cafewa.

Game da gurabe, ni da katangar gaba nake farawa, wato ƙartin nan biyar da ke kare mai jifa, sai masu kutsawa ta ɓangaren tsaro. Ba su da farin jini, amma duk ranar da ka haɗu da babbar makaranta a nan za ka ga bambancin.

Mataki na huɗu: tsare abin da ka tara

A ƙarshen 2023 New Mexico State ta ci wasa 10, har ta je gidan Auburn ta doke ta 31 da 10. Da kaka ta ƙare, mai jifanta Diego Pavia ya koma Vanderbilt, inda ya jagoranci doke Alabama 40 da 35 a 2024. Abin da ke faruwa da ƙananan makarantu ke nan a zahiri, kuma gem ɗin ya kwaikwaye shi sarai. Kai ka yi kiwo, wani ya sha nono.

Sharaɗin nan da yaro ya shigo da shi bai mutu ba. In makin makarantarka a kansa ya faɗi, zai shiga kasuwar sauya sheƙa. A bugun 26 ma buƙatar tasa ƙaruwa take yi yayin da yake ƙwarewa. Duba jerin masu shirin tafiya tun tsakiyar kaka, kada ka bari sai ƙarshe. Mai kukan rashin buga wasa, matsar da shi sama a jerin gurbinsa. Mai kukan salon wasa, ba shi ƙwallo. Damar lallashi da ake ba ka a ƙarshen kaka ƙidayayya ce, ajiye ta don mutum biyu ko uku da ƙungiyar ta dogara da su.

Kasuwar tana ba ka kamar yadda take ƙwace maka. Yaran da suka gaji da zaman benci a manyan makarantu damar buga wasa suke nema, kuma ita ce hajarka. Bar guraben tallafi biyar zuwa takwas don su. Sababbin da ba ka buƙata nan take kuwa ka ajiye su shekara guda: muddin yaro bai buga fiye da wasa huɗu ba, shekarar ba ta shiga lissafinsa.

Mataki na biyar: jadawali

A bugun 25 da 26 gasar ƙarshe ƙungiya 12 ce. Zakarun rukuni biyar da suka fi matsayi suna shiga kai tsaye. Manyan rukunai huɗu ne, SEC, Big Ten, Big 12 da ACC, don haka yawanci kujera ɗaya ce ta rage wa ƙananan rukunai biyar su yi kokawa a kanta. Cin kofin MAC kaɗai bai isa ba, sai ka fi zakaran Mountain West da na American matsayi.

Wasannin da ba na rukuni ba kai ne kake tsara su kafin kaka. Shekara biyun farko sa masu sauƙi, don nasara ce ke gyara takardar sakamako. Daga ta uku sa babbar ƙungiya ɗaya mai matsayi, wadda take tsaka-tsaki, ba Georgia ko Ohio State ba. Nasara guda irin wadda Northern Illinois ta yi a gidan Notre Dame a 2024, 16 da 14, tana ɗaga ka fiye da cin ƙanana biyar.

Mataki na shida: yadda mai rauni yake buga wasa

Gajarta wasan. Duk lokacin da ƙwallo ke hannun wanda ya fi ka, asara ce. Kana da daƙiƙa 40 tsakanin wasa da wasa, cinye su. Gudu da ƙwallo, gajerun jifa, yadi huɗu-huɗu. Abin da Army da Navy suka daɗe suna yi ke nan da salonsu na zaɓi uku, inda mai jifa yake karanta ɗan tsaro guda ya yanke shawarar miƙawa, riƙewa ko wurgawa gefe. Da shi Army ta ci kofin American a 2024. Yana da wuyar koyo da yatsu, amma yana rufe aibin katanga mai rauni. In bai karɓe ka ba, nemi littafin dabaru mai yawan wasannin da ke ba ka zaɓin miƙawa ko gajeren jifa.

A yunƙuri na huɗu, wato na ƙarshe cikin huɗun da ake ba ka don ka ci yadi goma, in yadi ɗaya ko biyu ya rage kuma ka wuce tsakiyar fili, buga abinka. Maki uku-uku na bugun ƙafa ba sa kayar da babbar ƙungiya. A tsaro kada ka sa yaranka bin mutum-da-mutum da masu cafewar da suka fi su gudu. Tsare yanki, bar 'yan baya biyu can nesa, ka bar su su sha wahalar tafiya a hankali har su yi kuskure.

Kula da gajiyar jiki. Gem ɗin yana tara duk dukan da ɗan wasa ya sha, gaɓa-gaɓa, kuma yana bin sa zuwa mako na gaba. Babbar makaranta tana da madadi, kai ba ka da shi. Raba gudu tsakanin mutum biyu, kuma koya wa mai jifanka zamewa ƙasa kafin a buge shi.

Mataki na bakwai: wasa huɗun ƙarshe

In komai ya tafi daidai, kaka ta uku ko ta huɗu za ka ci rukuni, ta biyar zuwa ta bakwai ka fara zancen kofin ƙasa da gaske. Shigarka ta farko gasar ƙarshe, ka sa ran kashi. Cincinnati ta sha shi a hannun Alabama 27 da 6 a kakar 2021, Boise State ta sha a hannun Penn State 31 da 14 a kakar 2024. Tun BYU a 1984 babu wata ƙungiya daga ƙananan rukunai da ta ɗauki kofin. Amma zuwan kaɗai yana ɗaga makin neman kofi da na shahara, kuma a shekarar da ta biyo baya ne masu tauraro huɗu suke fara ɗaga wayarka.

Wanda bai samu hutun zagayen farko ba sai ya ci wasa huɗu a jere, kuma in matsayinsa na 9 zuwa 12 ne, na farkon a gidan abokin karawa za a yi. A manyan filaye ihun 'yan kallo yana girgiza allo, layukan da ke nuna hanyar masu cafewa su karkace, alamomin maɓallai su ɓace, musamman in mai jifanka sabon shiga ne. Maganinsa tun a gida ake haɗa shi: zaɓi wasanni goma da ka haddace har ba ka buƙatar ganin layi, ka riƙa buga su tun farkon kaka. Rage sauya dabara a bakin layi. Ka kuma yi ƙoƙari shekarar da za ka kai farmakin ta dace da shekarar da mai jifanka da katangarka suke aji uku ko huɗu, don natsuwarsu ta fi ta yara.

Tun kafin ka kai nan manyan makarantu za su fara aiko maka da tayin aiki a ƙarshen kowace kaka. Ƙi su. Mataimakanka biyu kuwa za a riƙa ɗauke maka su, don haka duk wanda za ka ɗauka madadi, duba yankin da yake da hanya kafin ka duba komai nasa.